Wa Ke Yanke wa Yaro Shawara a Gadon Asibiti?

 

Duk mai bin babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta bi ta Maradi, ta nufi Agye da Gazawa, ba ya rasa abin karantawa a gefen titi. Allunan majami'u na cikin abin da ido ke gani. Yawancinsu suna ne da lokacin sujada, shi ke nan. Akwai kuma irin wanda ya fi yawa a ƙetaren iyaka, wato Najeriya, mai alkawarin warkar da kowace cuta da addu'a kaɗai. Kada Musulmi ya ce wannan ba ruwansa: mai lasifika a ranar kasuwa, da malamin da ke cewa rubutu ya isa ba sai an je likita ba, alkawari ɗaya suke yi. Babba yana iya karantawa ya zaɓa wa kansa. Damuwata yaron da ya taso yana jin wannan tun yana goye.

A ƙasar nan ta Nijar addu'a da allura ba su taɓa zama kishiyoyi ba. Ƴan mishan na SIM da suka zauna Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920 da akwatin magani suka zo, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan asibitin kutare na Danja. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci al'ummarsa da neman magani.

To, a ce yarinya ƴar shekara 14 tana kwance, jininta ya ƙare, ta ce ba ta yarda a yi mata ƙarin jini ba saboda imaninta. A bi ta, ko a tilasta mata? Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ce a sashe na 12 a saurari yaro, a auna maganarsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Ba ta ce maganarsa ce ta ƙarshe ba. A Ingila, shari'ar Gillick ta 1985 ta ba wanda bai kai 16 ba damar amincewa da magani in ya fahimci abin da ake ciki, amma daga baya kotunan can suka ce in ƙin yarda zai kai shi kabari, alƙali na iya ture shi. Kotun Ƙolin Najeriya ta raba abin gida biyu: a shari'ar Okonkwo ta 2001 ta ce baligi mai hankali na da ikon ƙin jini, a shari'ar Esabunor ta 2019 kuma ta ce uwa ba za ta hana a ƙara wa jaririnta jini ba saboda aƙidarta. Ina ganin alƙalan nan sun yi daidai. Mutuwa ba a dawowa daga gare ta a sake shawara, kuma ɗan shekara 14 sau da yawa bakin iyayensa yake ara.

Amma mu a nan ba mu ma kai ga wannan gardama ba, domin ba a tambayar yaron. Ku tuna da watan Satumba, lokacin da masassarar cizon sauro ke kan ganiyarta. An kawo yaro bisa amalanke, ma'aikaciya ta ja fatar idonsa ta ga fari fat, ta duba tafin hannu haka nan, ta rubuta takardar tura shi babban asibiti. Uwa ta riƙe takardar ta ce, “Sai na tambayi maigida.” Maigida yana Kano ko Agadas wajen nema, waya ba ta shiga. Tun 2006 gwamnati ta ce maganin ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma izinin tafiya ba ya cikin wannan kyauta. Haka amarya ƴar shekara 15 da naƙuda ta yi wa tsawo: a wajen aure an ce ta girma, a wajen zuwa asibiti sai abin da miji da uwar miji suka ce. Cibiyar yoyon fitsari da aka buɗe a Danja a 2012 tana karɓar waɗanda aka yi wa irin wannan jinkiri.

Ban zo zagin iyaye ba. Tsoron da wasunsu ke yi wa asibiti na da tushe. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Wannan tabo na cikin abin da ya hura ƙin allurar shan inna a 2003. Wanda aka taɓa yi wa rufa-rufa, tsawa ba ta dawo da amanarsa.

Don haka roƙona uku ne, kuma na farko ya fi nauyi. Ma'aikatan lafiya, in yaro ya kai munzalin fahimta, ku durƙusa daidai fuskarsa ku gaya masa da Hausa abin da za ku yi da dalilinsa. In ya ƙi abin da ba na gaggawa ba, ku dakata ku ji tsoron da ke ransa. Magidanta, kafin ku tafi cin rani ku bar wa iyali izini a gaban shaidu, cewa in ciwo ya taso a tafi ba sai an jira ku ba. Fastoci da limamai kuma, in kun yi wa yaro addu'a ko tofi, ku tashi ku raka uwarsa zuwa asibiti, kuma in an nemi mai ba da jini ku fara miƙa naku hannun.