Faɗuwar Farashin Ɗanyen Mai da Makomar Arzikin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Babu rijiyar man fetur ko guda ɗaya a ƙananan hukumomin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, kuma tsakaninsu da Oloibiri, garin da aka fara samun man da ya isa a yi kasuwancinsa a shekarar 1956 cikin Jihar Bayelsa ta yau, akwai tafiyar da ta kusa ratsa tsawon Nijeriya baki ɗaya. Duk da haka, albashin malamin firamare a Gwiwa, da maganin da ke cikin ƙaramin asibiti a Roni, da gyaran rijiyar burtsatse a ƙauyukan Babura, dukkansu suna jiran kuɗin da ake rabawa kowane wata a Abuja daga Asusun Tarayya, wato asusun da tsarin mulkin 1999 ya tanada domin tara kuɗin shigar ƙasa kafin a raba su tsakanin matakan gwamnati uku. Idan aka auna yanki da abin da ke cika baitulmalinsa, to wannan yanki na arewa maso yammacin Jigawa yana cikin yankunan da ke rayuwa da mai, kuma tambayar da ake yi game da makomar Neja Delta idan farashi ya faɗi ta shafe shi kai tsaye.

Ƙa'idar rabon ta ba gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60, bayan an cire kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai an ba jihohin da aka haƙo su a cikinsu. Wannan kashi 13, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada, shi ne haƙƙin tushen arziki, kuma Jigawa ba ta samun komai daga na mai. Haka nan asusun raya al'ummomin da ake haƙar mai a ƙasarsu, wanda dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kamfanoni su zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsu a ciki, bai shafi kowa a nan ba. Gaskiya ne mutanen Kazaure ba su ga malalar mai ta kashe musu gona ba, kamar yadda ta yi wa mutanen Ogoni a Neja Delta, kuma adalci ya wajabta a faɗi haka. Amma ta fuskar kuɗi, yankin yana ɗaukar cikakken rabonsa na raɗaɗin faɗuwar farashi ba tare da wani matashin da zai rage masa zafin faɗuwar ba.

Tarihi ya maimaita wannan darasi sau uku cikin rayuwar mutanen da yawancinsu suna nan da ransu. A farkon shekarun 1980 farashi ya fara sauka, gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, sannan a 1986 ganga ta faɗi ƙasa da dala 15, shekarar da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar naira ya kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 110, amma zuwa Janairun 2016 ta sauko ƙasa da dala 30, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi har sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto a 2015, ƙasar kuma ta shiga karayar tattalin arziki a 2016, wato halin da jimillar abin da ƙasa ke samarwa ke raguwa zango biyu a jere. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, farashin wani nau'in ɗanyen mai na Amurka ya faɗi har ƙasa da sifili na kwana guda. Asusun rarar kuɗin mai da aka buɗe a 2004 domin irin waɗannan ranaku, wanda ya taɓa kaiwa kimanin dala biliyan 20, an yi ta ɗibarsa lokacin yalwa har ya zama bai iya tare komai ba lokacin tsanani.

Faɗuwar farashi tana isowa wannan yanki ta hanyoyi biyu, kuma ta biyun ta fi ta farkon cutarwa. Ta farko ita ce raguwar kason wata-wata, wadda take fara cinye ayyukan raya ƙasa, domin albashi ba ya jira, saboda haka hanyar karkara da ajin makaranta da magudanar ruwa su ne ake ɗagewa. Ta biyu ita ce canjin kuɗi. Ko da yake mai bai kai kashi 10 cikin ɗari na jimillar abin da Nijeriya ke samarwa ba, shi ne ke kawo mafi yawan dalar da ƙasar ke samu daga fitar da kaya, saboda haka duk lokacin da ganga ta yi araha dala takan yi ƙaranci, naira ta faɗi, kuma manomin da bai taɓa riƙe dala ba ya biya bambancin a farashin taki, maganin feshi, kayan gyaran injin ban ruwa da maganin asibiti. Wannan hanya ta biyu ba ta bambanta ma'aikacin gwamnati da mai sayar da gero a kasuwar ƙauye ba.

Akwai abin da ke ɓoye wannan haɗari a yau, kuma ya kamata a dube shi da kyau. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin Yuni na shekarar, adadin nairorin da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai, har wasu suka ɗauka cewa an shiga sabon zamanin wadata. Amma dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 kafin wannan sauyi ta haura naira 1,500 a 2024, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce naira 1,000, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Babban ɓangare na ƙarin da ake gani a takarda ya fito ne daga canza dala ɗaya zuwa nairori masu yawa, kuma buhun siminti da tan ɗin rodi sun riga sun cinye da yawa daga cikinsa. An tsara kasafin tarayya na 2025 kan dala 75 kowace ganga da haƙar ganga miliyan 2.06 a rana, alhali a watanni da yawa na shekarar farashi ya tsaya tsakanin dala 60 da 70, haƙar kuma ba ta kai abin da aka ƙiyasta ba. Harajin kayan masarufi da na kamfanoni da kuɗin kwastan sun ƙara nauyi a cikin rabon, wannan ci gaba ne na gaske, sai dai su ma suna bin ƙarfin sayen jama'a da yawan kayan da ake shigowa da su, waɗanda dalar mai ke riƙe da su.

Yankin bai taso a haka ba. Bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin da ke haɗa gonakin ƙasar Kano da Kazaure da kasuwannin Turai, kuma a shekarun 1960 Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da ita. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar ganyen gyaɗa ta 1975 sun yi wa noman mummunan rauni, amma abin da ya hana shi farfaɗowa shi ne abin da masana ke kira cutar Holan, wato halin da kuɗin ma'adinai ke ɗaga darajar kuɗin ƙasa har kayan gonarta su yi tsada a waje, na waje kuma su yi araha a gida, kamar yadda aka lura a ƙasar Holan bayan gano iskar gas a 1959. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda wannan yanki ke cikinta har zuwa ƙirƙiro Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991. Soke su daidai ne, domin an daɗe ana zaluntar talaka da makiyayi da sunansu. Abin takaici shi ne ba a gina wata alaƙa ta adalci a madadinsu ba, sai hukuma ta koma duban Legas, daga baya Abuja, talaka kuma ya daina jin cewa kuɗin da ake kashewa nasa ne da zai nemi bayaninsu.

Fatan cewa za a haƙo mai a Arewa bai kamata ya zama ginshiƙin tsari ba. An ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe cikin Nuwamban 2022, Jamhuriyar Nijar kuma tana tace man Agadem a matatar da ke kusa da Damagaram tun 2011, tana kuma tura ɗanyensa ta bututun da ya kai gaɓar tekun Benin tun 2024. Ko ɗaya daga cikinsu ba zai sauya farashin da kasuwar duniya ke yankewa ba, kuma sabuwar rijiya mai nisa da teku ita ce ta farko da ke rasa masu zuba jari idan ganga ta yi araha.

Abin da yankin yake da shi a hannu ya fi cancantar dogon nazari, kuma na farko shi ne ruwa. Madatsar ruwan Muhammadu Ayuba da ke Kazaure, da aikin noman rani na Gari wanda ya haɗa gonaki a Kazaure da Roni da wasu ƙananan hukumomin Jihar Kano, da fadamun da ake haƙa rijiyoyi marasa zurfi a cikinsu, su ne ke iya mayar da watanni bakwai ko takwas na rani su zama lokacin samun kuɗi maimakon lokacin tafiya ci-rani. Matsalar manomin rani tun 2023 ita ce kuɗin fetur ɗin injin ban ruwa, wanda yakan cinye ribar tumatir da albasa da alkama tun kafin a kai su kasuwa. Saukar farashin ɗanyen mai na iya rage masa wannan nauyi, tunda yanzu farashin lita yana bin kasuwa, amma idan naira ta faɗi tare da ita sauƙin ba zai iso gona ba. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana shi ne ke raba manomi da wannan caca gaba ɗaya, domin tsadarsa ta sau ɗaya ce, kuma rance mai sauƙi ga ƙungiyoyin manoma domin sayensa ya fi rabon kayan tallafi a bainar jama'a amfani nesa ba kusa ba. Haka kuma magudanar da ba a yashe ta, da ƙofar ruwan da ta lalace aka bar ta, suna kashe aikin da aka kashe biliyoyi a kansa, saboda haka kuɗin ruwa kaɗan da manoma za su riƙa biya ga ƙungiyar da su da kansu suke duba asusunta ya zama dole.

Na biyu shi ne amfanin gonar da ake sayarwa da kuɗin waje. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi noman riɗi da zoɓo, kuma ƙasar rairayi irin ta Babura ta dace da su. Waɗannan su ne kayan da farashinsu ke tashi a naira idan naira ta faɗi, wato suna kare mai su daga abin da ke cutar da mai albashi. Sai dai yawancin ribar tana tafiya wurin wanda ya tankaɗe, ya tsabtace, ya tantance inganci ya kuma ɗura a kwantena, aikin da akasari ake yi a Kano ko Legas. Meksiko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓon Nijeriya, ta taɓa dakatar da saye saboda ƙwarin da aka samu a cikin kaya, abin da ke nuna cewa rumbun ajiya mai tsabta da wurin gwaji suna da daraja daidai da gonar kanta.

Layin dogon Kano zuwa Maradi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, zai iya zama hanyar fitar da waɗannan kaya, ko kuma ya zama hanyar da kayan wasu za su ratsa yankin su wuce. Wanne daga ciki zai tabbata ya danganta da ko an tanadi fili, wuta da rumbuna kusa da tasha tun kafin jirgi ya fara zirga-zirga, domin tun ran gini ran zane. Cinikin kan iyaka ma yana da nasa rauni, kamar yadda mutanen Babura suka gani lokacin rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, suna da aikin da ke jiransu a nan, wato horar da masu haɗa da gyara na'urorin hasken rana, masu gwajin ingancin hatsi da masu riƙe lissafin ƙungiyoyi. Su ma da kuɗin gwamnati suke tafiya, don haka amfaninsu ga yankin zai dogara ne da yawan ɗaliban da suka fita suka iya cin abinci ba tare da takardar ɗaukar aikin gwamnati ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ɗora nauyi a inda ya dace, ko da yake aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Amma kuɗin da suka iso kai tsaye suna nan a matsayin kuɗin mai, kuma za su ragu ranar da ganga ta ragu. Saboda haka ana kira ga shugabanni da kansilolin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu da su riƙa liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe kowane wata a sakatariya da manyan kasuwanni, su tsara kasafinsu bisa farashin ganga da ya yi ƙasa da na kasafin Abuja, su kuma keɓe abin da ya haura domin ruwa, rumbuna da hanyoyin gona. Sarakuna, malamai, ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa kuma su nemi ganin waɗannan alƙaluma a zaman majalisa, tun kuɗin suna shigowa.