Tsara Rukunan Kaya a Rumbun Bayanai



Duk wanda ya taɓa riƙe littafin sito, ko a ofisoshin nan na Nassarawa ko a wani wuri, ya san wannan cuta: akawu ɗaya ya rubuta "siminti", na biyu "sumunti", na uku ya zuba shi cikin "kayan gini". Ranar ƙidaya sai buhu 300 ya rabu gida uku, mai binciken kuɗi ya kasa haɗa lissafi. Ta irin wannan kafa dukiyar jama'a take zurarewa.

Maganin yana cikin tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya bayyana a 1970, wato ajiye bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna. Ƙa'idar ita ce a rubuta kowane suna sau ɗaya tak. A ware jadawalin rukunai, kowane rukuni da lambarsa. Jadawalin kaya kuwa lambar kaɗai zai ɗauka. Akawu ba zai rubuta suna da hannunsa ba, sai dai ya zaɓa daga jerin da kwamfuta ta sauko masa da shi. In an gyara suna wuri ɗaya, ya gyaru ko'ina. Rukunin da aka daina amfani da shi kuwa kada a goge shi, a sa masa alamar rufewa, domin tsohon lissafi ya ci gaba da karantuwa.

Sai dai jan kunne guda: ikon ƙara rukuni ya tsaya hannun jami'i ɗaya. In kowa ya sami wannan dama, to, an koma gidan jiya.