Ina ƙananan finafinai suke zuwa bayan silima?

Gaisuwa ga makiyaya da ke ruga da bakin rijiya, da 'yan kasuwarmu na Ɗan Isa, Jibiya, Ƙonni, Illela da Maigatari. Yau hirar tamu kan fim ce, kuma kafin ka ce wannan zancen 'yan birni ne, duba wayar da ke aljihunka. Fim nawa ne a memorinta?

Ni dai ban riski zamanin tsohuwar silima ba, a bakin mahaifina na ji. Idan sun kai kaya Kano, sai sun shiga Plaza ko El Dorado kallon Indiya kafin su juyo gida. Daga baya kaset ya zo, faifan CD ya biyo, Ƙofar Wambai ta zama matattarar finafinan Hausa, har Maraɗi da Damagaram ake saro su. Yau wannan kasuwa ta faɗi.

Silima ta dawo, amma da wata kama. A Yamai an buɗe Canal Olympia a 2017. A Njamena an sake buɗe Le Normandie a 2011, bayan fim ɗin Mahamat-Saleh Haroun ya ci kyauta a Cannes ta Faransa a 2010. A Kano ma an riƙa haska finafinan Kannywood a silimar da ke katafaren kantin Ado Bayero. Sai dai irin waɗannan ɗakuna ba su da yawa, duk a manyan birane suke, kuma mai silima ɗan kasuwa ne kamar kai: kayan da ke tafiya shi yake sa wa a gaban rumfa. Babban fim na Amurka ya samu daren Asabar, ƙaramin fim a ba shi 'yan kwanaki, in kujeru ba su cika ba a sauke shi. Wanda ke kiwo a daji, kafin labari ya iso masa an gama.

Ga misali. A 2021 Aicha Macky, 'yar Damagaram, ta fitar da fim mai suna Zinder, kan matasan unguwar Kara-Kara. Da Hausa suke magana, kuma a cikinsu har da mai fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Najeriya, hanyar da da yawanku kun santa kamar tafin hannu. An fara nuna shi a wani bikin finafinai a Suwizilan. To ku gaya mini tsakani da Allah, mutum nawa ne a kasuwarku suka gan shi? Wannan fa a ƙasar Umaru Ganda, wanda ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972.

Mu kuwa ta ina fim ke iso mana? Ta rumfar mai caji. Ranar kasuwa ka miƙa waya, a tura maka finafinai da fassarar Indiya a kuɗin da bai kai na shayi da burodi ba. Da dare a ruga mutum biyar su haɗa kai kan waya ɗaya har batir ya mutu. Ban ga laifin mai kallo ba, ni ma na yi. Yaron da ke turawa ma abincinsa yake nema. Amma a wannan ciniki, galibi ko dala ba ta komawa ga wanda ya ci bashi ya ɗauki fim ɗin. Shi ya sa masu shiryawa suka karkata ga masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, inda talla a talabijin da YouTube ke mayar musu da wani abu. Fim guda mai farko da ƙarshe, wanda za ka gama a zama ɗaya, shi ne ke ƙaranci.

A ganina, tunda kasuwa ba za ta je silima ba, a kawo allo kasuwa. Majigi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant tana yawo da shi ƙauyuka a Nijar da Kamaru da Chadi. Farin ƙyalle, janareto da lasifika a daren kasuwa, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, a raba da mai fim a rubuce. Sarkin kasuwa da sarkin tasha za su iya tsaya wa wannan, a ware wa mata da yara gefensu.

Idan akwai mai tura finafinai da ke saurarenmu, muna son jin ta bakinsa a shiri na gaba: nawa zai iya cirewa a kowane fim a aika wa masu shi? A kasance lafiya, Allah ya kai dabbobi da kaya gida lafiya.