Harajin Taro da Rabuwar Amurka da Ingila



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda aka yi Turawan Amurka, waɗanda yawancinsu jikokin mutanen Ingila ne, suka ɗauki makami suka rabu da ƙasar kakanninsu. Kowane ɗan makaranta zai ce muku haraji ne ya jawo. Gaskiya ne, amma a wancan zamani mutumin Boston bai kusa biyan harajin da mutumin Landan ke biya ba. Saboda haka sai mu tambayi kanmu, me ya sa wanda kayansa ya fi sauƙi shi ne ya fara jefar da shi?

Mafarin rigimar nasara ce. A shekarar 1763 aka gama Yaƙin Shekara Bakwai, aka ƙulla sulhu a Faris, Faransa ta sallama wa Ingila Kanada da ƙasar da ke gabas da kogin Misisifi. Kafin nan, tsoron Faransawa shi ne ya sa mazauna yankuna 13 na bakin teku ke laɓewa a bayan sojan Ingila. Da aka kawar da kura, sai akuya ta fara ganin makiyayi ya cika takura. Ita kuwa Ingila ta fito daga yaƙin da bashin da ya haura fam miliyan 130, ga shi tana son ta girke soja kamar 10,000 a Amurka. A wannan shekara kuma, bayan tawayen 'yan ƙasa na asali a ƙarƙashin Pontiac, Sarki Joji na Uku ya hana baƙin haure su tsallaka duwatsun Afalaciya su kama gonaki. Mutanen da suka yi yaƙi domin wannan ƙasa suka ga an rufe musu ita.

Firayim Minista George Grenville ya ga ya dace wanda ake tsarewa ya taimaka da kuɗin tsaro. A 1764 ya rage kuɗin fiton ruwan rake dafaffe, wanda ake yin barasa da shi, daga sisi zuwa taro a kowane galan. Ku lura, ragewa ya yi. Sai dai sisin nan da ma ba mai biyansa, fasa-ƙwauri ake yi, ana toshe bakin ma'aikatan kwastan. Taron kuwa da gaske za a karɓa, kuma wanda aka kama za a iya kai shi kotun jiragen ruwa, inda alƙali shi kaɗai ke yanke hukunci, ba tare da 'yan gari sun zauna sun saurari shari'ar ba.

A 1765 aka kafa Dokar Kan Sarki. Jarida, takardar kotu, takardar cinikin gida, lasisi, har katin karta, dole su ɗauki hatimin da aka saya da tsabar kuɗin Ingila. In ana neman misalin dokar da ta zaɓi abokan gabanta da kyau, to ga ta: ta taɓa lauyoyi, da masu ɗab'i, da attajirai, watau duk masu baki da alƙalami. A watan Agusta 'yan zanga-zanga suka farfasa gidan Mataimakin Gwamna Thomas Hutchinson a Boston. A Oktoba wakilan yankuna 9 suka haɗu a Niyok, suka ce dukiyar Bature ɗan Ingila ba a taɓa ta sai da yardar wakilin da ya zaɓa, su kuwa ba su da wakili ko ɗaya a Majalisar Landan. Aka amsa musu cewa Mancesta da Barmingam ma ba su da kujera, amma Majalisa tana wakiltar kowa. Wannan amsa ba ta shiga kunnen mutanen da suka shekara fiye da ɗari suna zaɓen majalisunsu ba. Ta Bajiniya tun 1619 take zama. Suka daina sayen kayan Ingila, 'yan kasuwar Landan suka koka, aka soke dokar a Maris 1766. Amma a rana guda Majalisa ta kafa wata doka wadda ta ce tana da ikon yi wa Amurka doka a kan kowane al'amari. An cire ƙaya, an bar tsininta a cikin ƙafa.

Yanzu na zo wurin da nake son ma'aikatan da ke zauren nan su ba ni hankalinsu. A 1767 Ministan Kuɗi Charles Townshend ya sa fito a kan gilashi, da dalma, da fenti, da takarda, da ganyen shayi. Kuɗin da ake sa ran samu bai taka kara ya karya ba. Abin dubawa shi ne inda za a kai shi: albashin gwamnoni da alƙalai. Da can, a yankuna da dama, Sarki ke naɗa gwamna amma majalisar yanki ke ware albashinsa, sau da yawa shekara-shekara. Gwamnan da ya ƙi sa hannu a dokar da 'yan majalisa ke so, ya san aljihunsa zai ji a jikinsa. Wannan ita ce linzamin da jama'a ke riƙe da shi. In Landan ta karɓi biyan albashi, da kuɗin da ta tatsa daga gare su, to gwamna da alƙali sun kuɓuce musu ke nan. A ganina nan ne zuciyar rikicin take, kuma duk wanda ya taɓa jiran takardar albashi ya san wanda ke biya shi ake saurara wa.

Aka koma ƙaurace wa kaya, mata suka koma kaɗi da saƙa a gida. A 1768 aka sauke soja a Boston. Ran 5 ga Maris 1770 soja suka harbi taron da ke jifarsu, mutum 5 suka mutu, cikinsu har da Crispus Attucks, mai jinin Afirka. Lauyan da ya kare sojan a kotu shi ne John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu. Wannan ya nuna har lokacin ba a yanke ƙauna da shari'a ba. A shekarar nan gwamnatin Lord North ta janye dukan fiton, ban da taro a kowace laba ta shayi, wanda aka bari domin kada a ce Majalisa ta sallama ikonta.

Ƙura ta lafa kusan shekara uku. Sai Kamfanin Gabashin Indiya ya shiga matsi, ga shayi jibge a rumbunansa ba mai saye. A 1773 aka ba shi izinin kai shayi Amurka kai tsaye, ta hannun dillalan da ya zaɓa. Shayin halal ya zama mai araha, har yana gogayya da na fasa-ƙwauri. Amma wanda ya saya ya biya taron nan, ya kuma yarda ke nan. Filadelfiya da Niyok suka mai da jiragen. A Boston, Hutchinson, wanda ya zama Gwamna, kuma 'ya'yansa na cikin dillalan, ya ƙi barin jirage su fita. Daren 16 ga Disamba wasu mutane suka yi shigar Indiyawan daji, suka hau jirage 3, suka zubar da akwati 342 a teku.

Martanin Landan a 1774 shi ya mai da rigimar gari ɗaya ta zama ta kowa. Aka rufe tashar Boston sai an biya kuɗin shayi, aka mai da majalisar mashawartan Masachusets ta naɗi, aka taƙaita taron gari. Sauran yankuna suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta. A Satumba wakilan yankuna 12 suka taru a Filadelfiya. Jojiya ce kaɗai ba ta aika ba. Ran 19 ga Afrilu 1775 soja suka fita kwashe makaman da aka ɓoye a Konkod, aka yi musayar wuta a Lekzintan.

Kada mu manta, masu kukan nan cewa ana son a mai da su bayi, su da kansu suna riƙe da bayi kusan rabin miliyan, watau kamar mutum ɗaya cikin biyar, yawancinsu asalinsu Afirka ne. Da Gwamnan Bajiniya, Lord Dunmore, ya yi shela a Nuwamba 1775 cewa bawan ɗan tawaye da ya shiga rundunar Sarki ya 'yantu, masu gandu da yawa da ke ɗari-ɗari suka juya wa Ingila baya.

Ko bayan an zubar da jini, a Yuli 1775 wakilan sun aika wa Sarki takardar neman sulhu, domin har lokacin da Majalisa suke faɗa, shi suna yi masa kallon uba. Ya ƙi karɓarta, ya ce 'yan tawaye ne. A Janairu 1776 Thomas Paine ya buga ɗan littafinsa da ya soki sarautar kanta, cikin harshen da manomi zai gane, aka yi ta karanta shi a kasuwa da mashaya. Ran 4 ga Yuli 1776 aka amince da takardar shelar 'yanci, kuma laifuffukan da aka jera a cikinta, Sarki Joji aka ɗora wa.

Shugaba, nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.