Ladabin Mai Sauraro a Filin Kiɗa

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, mazaunin Ƙofar Kware, Sakkwato, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama. Ni ba makaɗi ba ne, ban kuma gaji roƙo ba. Abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne shawarar da wasunmu suka kawo, cewa daga bana a daina gayyato makaɗi wajen walimar ƙungiya, saboda abin da ya faru bara. Ga waɗanda ba su zo ba, a taƙaice, mun ɗauko makaɗi da 'yan amshinsa tun daga nesa, muka biya kuɗi masu kauri, amma babu waƙa ɗaya da aka bar shi ya kai ƙarshenta. Aka tashi da cacar baki, har mutum biyu da suka yi shekara biyar a ɗakin kwana ɗaya a makaranta suka rabu ba sallama. Ra'ayina shi ne kada a soke. Laifin ba na kiɗa ba ne, namu ne masu sauraro, kuma abu ne mai gyaruwa.

Bari in fara da kaina. Muna aji uku, na zo hutu gida Ƙofar Kware, sai aka yi wani biki a unguwarmu, aka kawo wani makaɗin kotso. Na riga na haddace waƙoƙinsa daga gidan rediyon Kaduna, saboda haka yana farawa na ɗaga murya ina binsa, don tsarana su san ɗan makaranta ya zo. Wani tsoho da ke zaune bisa tabarma ya jawo bakin rigata, ya ce mini a hankali, yadda ba wanda ya ji, "Ɗana, kai munka taho saurare ko mai waƙa?" Sa'an nan ya matsa, ya ba ni wuri kusa da shi, ya ce in sa kunne wajen 'yan amshi. Da ya daka mini tsawa a gaban mutane, da ƙila na mayar masa da magana. Da yake ya rufa mini asiri, ga shi har yau ina ba da labarinsa.

Abin da na koya a wannan dare shi ne, waƙar makaɗanmu aiki ne na mutane da yawa. Jagora yana kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe, su yi ƙari, su koma gindin waƙa, makaɗa na biye da su, sanƙira kuma yana jiran gaɓarsa. Sau da yawa zambo ko habaici a kalma ɗaya yake ɓoye, in ta wuce ka ta wuce. Haka Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya gina Bakandamiya. Haka Salihu Jankiɗi ya yi da taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Haka Sa'idu Faru ya yi wa Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu. Wanda ya yi surutu a tsakiyar irin wannan waƙa ya yi wa na kusa da shi satar abin da ba zai iya mayar masa ba.

Kada a ɗauka ina cewa mu zauna tsit kamar masu zaman makoki. A manyan ɗakunan kiɗa na Turai, ko tafi ba a yi sai an kai ƙarshen kiɗan. Wannan ba al'adarmu ba ce. Mu muna guɗa, muna jinjina, muna kyauta, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda kalangun makaɗin dambe irin Ɗan'anace ke tayar da fili ya san makaɗi da zafin jama'a yake aiki. Sai dai kowane abu da gaɓarsa. Ana yin guɗa idan ɗan waƙa ya dire, ba a tsakiyarsa ba.

To, su wane ne suke ɓata mana fili? Na ƙirga iri huɗu.

Na farko shi ne babban mutum mai zuwa a makare. An yi nisa da waƙa sai ya shigo da ayarinsa, a tayar da mutane daga kujeru, a yi ta gaishe-gaishe, makaɗi ya saki waƙar da yake yi ya koma kirarinsa.

Na biyu shi ne mai liƙi wanda ba ya barin fage. Da can akan miƙa kyauta ga sanƙira, shi kuma ya shelanta, riga ce ko doki ko kuɗi, waƙa kuwa ba ta tsaya ba. Yanzu mutum yakan tsaya a gaban makaɗi da bandir na sababbin kuɗi, ya juya wa jama'a baya, yana manna ɗaya-ɗaya har a gaji. Ina tunatar da mu cewa sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana watsa naira da tattake ta a wajen biki, hukuncinsa kuwa ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu. A 2024 wata kotu a Legas ta ɗaure wani sananne wata 6 a kan haka.

Na uku shi ne mai waya. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, duk kafin wayar hannu ta bazu a ƙasar nan daga 2001, saboda haka ba su san wannan fitina ba. Yau kuwa sai ka biya kuɗin shiga, ka ƙare da kallon makaɗi ta cikin wayar wanda ya miƙe tsaye a gabanka. Wani ma amsa kira zai yi, yana ihu yana cewa ba ya ji, alhali shi ne ya hana kowa ji.

Na huɗu shi ne mai ture mutane don ya kai gaba. Wannan ya wuce rashin ladabi, ya kai ga haɗari. A watan Nuwamba na 2021, a birnin Houston na Amurka, mutum 10 suka rasu saboda turereniya a wajen wasan wani mawaƙi. Mu kuwa da tsofaffi da mata da yara muke zuwa.

Jama'a, idan muka duba da kyau, biyu daga cikin huɗun nan aikin manya ne, ba na yara ba. Mai yin latti da mai bandir, mu ne. Bara ba 'ya'yanmu ne suka hana makaɗi waƙa ba.

Yanzu me mutum zai yi idan ya haɗu da irin waɗannan? Ga abin da na gwada na ga amfaninsa. Da farko ka kyautata zato, domin da yawa ba su san suna damun kowa ba, kamar yadda ni ma ban sani ba a wancan dare. Ka taɓa shi, ka yi masa sallama, ka roƙe shi a hankali sau ɗaya. Kada ka yi ihu daga nesa kana cewa a zauna, don kai ma ka zama na biyunsa ke nan. Idan bai ji ba, kada ka sake, ka sanar da mai kula da fili ko sanƙira, domin shi yana da hanyar gyara mutum cikin raha, a yi dariya, a wuce wurin. Idan ka ga alamar mutum ba ya cikin hayyacinsa, ko yana neman faɗa, ka canza wuri. Kujera ba ta kai a zubar da mutunci dominta ba. Idan kuwa fili ya cika har ana matse juna, ka kama hannun yaronka ka fita tun da wuri.

A ƙarshe ina roƙon kwamiti ya duba waɗannan shawarwari. A fara a kan lokaci, wanda ya makara ya jira a bakin ƙofa har waƙa ta ƙare, ko da shi ne Shugaba. A ajiye faranti wajen sanƙira, mai kyauta ya miƙa a can. A sa mutum ɗaya ya ɗauki bidiyo ya raba wa kowa, sauran mu sa wayoyinmu aljihu. A ba malamanmu sahun gaba, a naɗa mutum huɗu masu sanyin baki su kula da fili. Su kuma 'yan'uwanmu biyu da suka saɓa, ina roƙonsu don Allah su zauna tebur ɗaya bana.

Malamanmu da ke zaune a nan sun yi shekaru suna koya mana yin shiru idan wani yana magana. Kada mu ba su kunya da furfurarmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga malamai da ɗalibai, ya ƙara mana zumunci. Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe, ba wanda ya miƙe, ba wanda ya amsa waya. Kun ga ashe za mu iya.