YADDA AKE GANE SHEKARUN TSOFAFFIN MAJAMI'U DAGA BULONSU

Jawabin da aka gabatar a taron Bikin Cika Shekara 50 na Ikkilisiya



Kwamitin shirya wannan biki ya ba mu lokaci kaɗan mu yi magana a kan ginin majami'a da shekarunsa. Yau kowa yana cewa hamsin. An buga a zane, an buga a bangon wannan littafi. Mun iya faɗin haka da gaba gaɗi domin har yanzu akwai dattawa a cikinmu waɗanda suka ga farkon abin da idonsu. Amma akwai majami'u a Ingila da Faransa da suka haura shekara 1000, ba mai shaida ko ɗaya da rai, takardunsu kuma sun ƙone, ko kuwa tun farko ba a rubuta ba. Da masana suka rasa wanda za su tambaya, sai suka koma ga jan bulon da ke jikin bango. Za mu duba yadda suke yi, da abin da bulo yake iya faɗi, da inda bakinsa yake tsayawa.

MATSALAR BULON ARO

Romawa sun mallaki Ingila kusan shekara 400, gwanaye ne kuwa wajen gasa bulo. Da mulkinsu ya ƙare a wajen shekara ta 410, sana'ar ta mutu a ƙasar na tsawon ƙarnuka, aka bar kangwayensu a tsaye. Sa'ad da bishara ta sake shiga da ƙarfi, magina suka riƙa zuwa waɗannan kangwaye suna kwasar bulo da duwatsu.

A shekara ta 597 Agustin ya iso Canterbury daga Roma. Wannan dabam yake da Agustin na Hippo wanda muka sani a tarihin ikkilisiya. Ya tarar da sarauniya Bertha tana sujada a wata ƙaramar majami'a mai sunan Martin. Ana sujada a cikinta har yau, bangonta kuwa cike yake da bulon Romawa. Haka kuma a shekara ta 654 wani mai bishara mai suna Cedd ya gina majami'a a Bradwell, a bakin teku, a kan harsashin wani sansanin sojan Roma, da kayan da ya rushe daga sansanin.

Saboda haka idan mutum ya ga jan bulo a tsohuwar majami'a, tambayoyi biyu ne a gabansa. Yaushe aka gasa wannan bulo? Yaushe kuma magini ya ɗora shi a bango? Tsakanin amsoshin biyu ana iya samun shekara 500. Mu riƙe wannan da kyau, domin shi ne kan maganarmu.

DABARA TA FARKO: HASKEN DA KE ƁOYE CIKIN YASHI

A cikin yumɓun da ake yin bulo akwai ƙananan ƙwayoyin yashi masu ƙyalli, irin na dutsen ƙanƙara. A cikin yumɓun kuma, da ƙasar da ke kewaye, akwai ɗan burbushin yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, da toriyom, da fotasiyom. Waɗannan suna fitar da wani irin tururi da ido ba ya gani, dare da rana, ba fashi. Ƙwayar yashi tana karɓar ƙarfin wannan tururi tana adanawa a cikinta.

Mu ɗauki ƙwayar yashin nan kamar asusu, wanda kowace shekara ake jefa masa kuɗi daidai wa daida. Ranar da aka sa bulo a wuta, zafi ya kai wajen digiri 500, sai asusun ya zube ƙaf, ya koma fanko. Da bulon ya huce, tari ya soma daga farko. In aka kai ƙwayoyin ɗakin bincike aka zafafa su, sai su saki abin da suka tara ya fito kamar ɗan haske, na'ura ta auna shi. Yawan hasken shi ne yawan abin da ke cikin asusu. Saura a san nawa ake jefawa a shekara. Domin wannan sai a auna ƙasar bulon da kwaɓin da ke kewaye da shi, a kuma bar wani ɗan ma'auni a cikin ramin bango na watanni. Daga nan lissafi ne na 'yan firamare. Misali, in an sami 3000 a asusu, ana kuma jefa 3 a shekara, bulon ya yi shekara 1000 da fita daga wuta.

Martin Aitken da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford ne suka inganta wannan dabara a shekarun 1960. Ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, gama a shekara ta 1970 an yi amfani da ita a Oxford a kan wani gasasshen mutum-mutumi na Nok. A 1985 David Huntley da abokansa a Kanada suka nuna cewa ana iya fitar da hasken ta wurin haska ƙwayoyin da fitila mai ƙarfi maimakon a zafafa su. Wannan hanya ta biyu ce aka fi bi a yau.

Aikin yana bukatar kula. Ana huda bulon da na'ura a ciro cikinsa, a yar da bayan da rana ta taɓa, a yi sauran aiki a ɗaki mai duhu da jar fitila kawai, domin hasken rana ma yana zubar da asusun. Danshin bango yana rage abin da ke shiga, dole a sa shi a lissafi. In kuma gobara mai tsanani ta taɓa cin ginin, bulon zai faɗi shekarar gobarar ne.

DABARA TA BIYU: MAGANAƊISUN DUNIYA

Duniya kanta babban maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas take nuna arewa. Amma wannan jan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga ƙarni zuwa ƙarni fuskarsa tana karkata, ƙarfinsa yana hawa yana sauka. A cikin yumɓu akwai burbushin ƙarfe, shi ne ma yake ba bulo jan launinsa. Sa'ad da bulo yake hucewa bayan gashi, burbushin nan yakan jeru bisa ga yadda maganaɗisun duniya yake a wannan rana, ya daskare a haka. Wani Bafaranshe mai suna Émile Thellier ne ya kafa harsashin wannan bincike tun shekarun 1930.

Masana sun tsara jadawalin yadda jan ya riƙa canzawa a Turai, ta wurin auna tsofaffin wuraren gashi da aka riga aka san shekarunsu. Sai a gwada bulon majami'a da jadawalin. Wahalar ita ce bulon ya bar wurin gashinsa, ba a san inda ya fuskanta a cikin wuta ba. Abin da ya taimaka shi ne masu gashi sukan jera bulo a kwance ko a kan gefensa, don haka in aka auna bulo masu yawa daga bango ɗaya, ana iya gano karkatar. Wata wahalar kuma, awo iri ɗaya yakan dace da ƙarni biyu ko uku dabam dabam. Don haka wannan dabara ba ta tafiya ita kaɗai.

DABARA TA UKU: TAMBAYAR KWAƁI

Dabarun nan biyu suna faɗin ranar gashi ne kawai. Domin a san ranar gini, sai a tambayi kwaɓin da ya haɗa bulo da bulo. Willard Libby na Amurka ya fito da hanyar auna kabon 14 a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi lambar Nobel a 1960. Duk abu mai rai yana ɗaukar kabon 14 daga iska, in ya mutu sai abin ya riƙa raguwa, rabinsa yana ƙarewa cikin shekara 5730. Magina na dā suna ƙona dutsen farar ƙasa su yi kwaɓi da shi, gutsattsarin gawayi kuma sukan faɗa ciki. Ana iya auna gawayin. Ana kuma iya auna kwaɓin kansa, domin yana shan iska ne yayin da yake ƙanƙamewa. Ko nan ma da sauran hattara. Icen da aka yi gawayin da shi yana iya zama tsoho tun kafin a sare shi, dutsen da bai ƙone sarai ba kuma yakan sa kwaɓi ya nuna shekarun da suka fi nasa.

MAJAMI'U BIYU

A ƙauyen Brixworth a tsakiyar Ingila akwai wata babbar majami'a wadda bakunan ginin ta, irin bakan gizon da maginanmu suke yi, da jan bulo aka ɗaure su. An daɗe ana cewa an gina ta a wajen shekara ta 680. Tushen maganar shi ne rubutun wani ɗan zuhudu na Peterborough mai suna Hugh Candidus, wanda ya rayu a ƙarni na 12, wato kusan shekara 500 bayan abin da yake ba da labari. Daga shekarun 1970 David Parsons da Diana Sutherland da sauransu suka bi ginin dutse bayan dutse, suka buga sakamakon aikinsu a 2013. Bulon na Romawa ne, da yawa daga duwatsun kuma an ɗebo su daga kangwayen Romawa, har da na wajen Leicester. Awon kabon 14 da tsarin ginin suka nuna ƙarshen ƙarni na 8 ko farkon na 9. Wato bulon ya girmi majami'ar da ɗaruruwan shekaru, majami'ar kuma ba ta kai shekarun da ake ba ta ba da wajen shekara 100.

A Faransa kuwa, a kan dutsen Mont-Saint-Michel da ke bakin teku, akwai wata ƙaramar majami'a, Notre-Dame-sous-Terre, wadda babbar majami'ar da aka soma a 1023 ta danne ta. Labarin gargajiya ya ce Bishop Aubert ne ya kafa wurin sujada a dutsen a shekara ta 708. 'Yan zuhudu na Benedict suka zo a 966. Masu tarihi sun yi ta gardama a kan zamanin da aka yi ƙaramin ginin, da ko bulonsa na aro ne. A shekarun 2000 Sophie Blain da Pierre Guibert na Bordeaux, tare da Christian Sapin da wasu, suka auna bulon. Amsa ta fito ƙarni na 10. Bulon sabo ne, a zamanin ginin aka gasa shi. A nan shekarun bulo da na bango sun yi daidai, an kuma gane cewa sana'ar gasa bulo tana nan da ranta a wannan yanki na Faransa a lokacin.

Ku lura, 'yan'uwa, ido ba zai raba bulon Brixworth da na Mont-Saint-Michel cikin sauƙi ba. Dukansu ja ne, masu faɗi, marasa kauri. Sai da aka haɗa shaidar bulo, da ta kwaɓi, da ta tsarin gini, da ta takarda, kafin a yanke magana. Shari'ar Musa ma ba ta yarda a yanke hukunci a kan bakin mutum ɗaya ba.

ABIN DA YA SHAFE MU

Akwai wani lissafi da muke so kowa ya tafi da shi gida. Ko aikin awon haske ya yi kyau ƙwarai, yakan bar shakkar wajen kashi 5 cikin 100 na shekarun. Ga ginin shekara 1000, wannan shekara 50 ke nan, gaba ko baya. Dukan shekarun da muke biki dominsu yau, da baftismar da aka yi, da auren da aka ɗaura, da waɗanda muka raka kabari, duk za su shige cikin wannan shakka ba a gan su ba. Amma layi ɗaya da magatakarda ya rubuta a ranar da aka sa harsashi zai faɗi shekara da wata da rana.

Ban da haka, yawancin majami'unmu sun soma da rumfa, suka koma tubali da jinka, sannan bulon siminti da kwano. Tubali rana ce ta busar da shi, bulon siminti kuma ba a gasa shi, saboda haka dabarar gashi ba za ta yi musu aiki ba. Mu ma muna da kayan aro. Sau da yawa ƙofar tsohon gini, ko azararsa, ko ƙararrawarsa takan koma sabon gini, jikoki su ɗauka duka tare aka yi su. Sa'ad da Joshuwa ya kafa duwatsu goma sha biyu a Gilgal, iyaye ya ɗora wa nauyin bayyana wa 'ya'yansu ma'anarsu.

Don haka muna roƙon dattawa da kwamitin gini abubuwa huɗu. Na ɗaya, a rubuta ranar da aka sa harsashin kowane gini, da ranar rufi, da ranar keɓewa, da sunayen magina da masu ɗebo ruwa da yashi. Na biyu, a rubuta duk abin da aka ɗauko daga tsohon gini da inda aka sa shi. Na uku, matasa su zauna da tsofaffinmu cikin wannan shekara, su ɗauki maganarsu, a rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, a kuma bambanta abin da ya gani da abin da ya ji. Na huɗu, a ajiye kwafi a nan, a kai wani ofishin gunduma, domin gara da ruwan sama da gobara ba sa barin takarda.

 Allah ya ba waɗanda za su yi bikin shekara 100 abin da za su karanta daga hannunmu. Ubangiji ya albarkace ku, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.