Kafin Mu Sa Hannu: Diyyar Inshora Bayan Haɗarin Mota

(Jawabin da kwamitin jin daɗin jama'a ya gabatar wa dattawan ikkilisiya da shugabannin Zumuntar Mata)



Kusan babu ikkilisiyar da ba ta taɓa tara baiko na musamman domin ɗan'uwan da mota ta buge ba. Mukan yi addu'a, mu kai abinci asibiti, mata su kwana wurin jinya. Amma ranar da wakilin kamfanin inshora ya zo da takarda da tayin kuɗi, sau da yawa mai rauni shi kaɗai ne a ɗaki, ga ciwo, ga bashin asibiti. Maganarmu a yau guda ce: kada ɗan'uwa ya sa hannu sai an san iyakar ciwon, an kuma zauna an yi lissafi.

Mu fara da abin da ke damun zuciya. Wasunmu suna ganin neman diyya rashin gafara ne. Wasu kuma sukan ce mu kaɗan ne a garin nan, kada mu ja rigima da maƙwabta. Littafin Fitowa 21:18-19 ya ɗora wa wanda ya ji wa wani rauni biyan kwanakin aikin da ya rasa da ɗaukar nauyin jinyarsa har ya warke. Za mu iya gafarta wa direba da zuciya ɗaya, mu kuma karɓi hakkinmu. Idan mota tana da inshora na gaskiya, kamfani ne zai biya, ba aljihun direba ba. Domin irin wannan rana aka biya kuɗin tun farko.

Dokar ƙasa ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu 2023, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta mai da kuɗin ƙaramar mota ta gida daga N5,000 zuwa N15,000, ta kuma ɗaga diyyar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mu lura da kyau: wannan iyaka ta dukiya ce, kamar babur ko shago. Ba ita ce iyakar diyyar rauni ko rai ba.

Takardar da ake kawowa tare da tayi takardar sallama ce. Wanda ya sa mata hannu ya yarda an biya shi duka, ba zai sake neman kome ba ko da ciwon ya dawo. Shi ya sa muke roƙo a duba abubuwa biyar.

Na ɗaya, rahoton likita. Karayar cinya takan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ta haɗu, ƙarfen da aka sa kuma wani lokaci sai an sake aiki a cire shi. A roƙi likita ya rubuta ko za a sake aiki, da ko ƙafar za ta koma yadda take. Masu ɗorin gida ba sa ba da rasit ko rahoto, kamfani kuwa takarda yake bi. Don haka a je asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko babban asibitin jiha.

Na biyu, abin da aka riga aka kashe: gado, magani, hoton ƙashi, jini, kuɗin mota zuwa asibiti da dawowa. A ajiye kowane rasit, a kuma yi masa kwafi.

Na uku, aikin da ya tsaya. A ce manomi ya karye a watan Yuni, aka yi masa tayin N300,000, rasit ɗinsa na asibiti kuwa N220,000 ne. A ido kamar ya ci riba. To ina daminar da ta wuce shi? Ina kuɗin 'yan ƙwadago? Ina cinikin matarsa da ta rufe tebur ta zauna jinya? Ina aikin cire ƙarfe da ke gaba? Da an tara waɗannan, za a ga N80,000 da suka rage ba za su kai ko'ina ba.

Na huɗu, nakasa da wahalar ciwo. Kotu tana ba da diyya kan waɗannan dabam da kuɗin magani. Tayin da bai ambace su ba bai cika ba.

Na biyar, wanda ke da laifi. A karɓi rahoton 'yan sanda, a rubuta lambar mota da sunayen shaidu tun da wuri. Idan namu ma yana da laifi, misali ya hau babur ba hular kwano, ana iya rage diyyar. Mu faɗi gaskiya. Kada mu ƙara ko kwabo a kan rasit, gama shaidarmu a gari ta fi kuɗin daraja.

Tayin farko ba hukunci ba ne. Ana iya mayar da amsa a rubuce, tare da lissafi da kwafin takardu. Idan kamfani ya ƙi ji, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. Hukumar ba da taimakon shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, tana taimakon marasa ƙarfi a ƙarar haɗari. Wanda ya ɗauki lauya kuma ya daidaita ladansa a rubuce tun kafin a fara.

Duk da haka, jira ba barci ba ne. Doka ta sa wa'adin shigar da ƙara, ya kuma bambanta daga jiha zuwa jiha. Idan motar gwamnati ce, wa'adin yana iya zama wata 3 kacal. A sanar da kamfani nan da nan, a kuma tabbatar takardar inshorar ta gaskiya ce, domin na jabu suna yawo.

Dattawa, ga roƙonmu gare ku. Kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu masu karatu, namiji da mace, su zauna da mai rauni ko gwauruwa duk ranar da za a yi maganar kuɗi, su karanta takarda su fassara ta da Hausa ko da harshen gida. A kuma ware wani abu daga asusun taimako domin biyan asibiti na ɗan lokaci, gama yunwa da bashi ne suke sa mutum ya karɓi rabin hakkinsa. Masu motoci a cikinmu, har da motar ikkilisiya, su sayi inshora na gaskiya, domin ranar da laifin ya zama namu maƙwabcinmu ya sami abin jinya.

Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya warkar da waɗanda ke kwance. Amin.